Shagon maganin bisashe da ke tambayar wa zai ci naman

Idan abin da kike so shi ne ki miƙa kuɗi a miƙo miki allura ki kama gabanki, kada ki ɓata kuɗin kabu-kabu zuwa shagon da zan yi magana a kai. Masu baza magani a tabarma ranar Alhamis, ranar da kasuwar Damagaram ke ci, sun fi shi sauri, sun kuma fi shi araha. A nan sai an yi miki tambaya har ranki ya fara ɓaci, wani lokaci ma ki koma gida da kuɗinki a ƙulle a bakin zane don likitan ya ƙi sayar miki da abin da kika zo nema. Duk da haka can nake zuwa, can kuma nake tura matan adashenmu, mu da muke turka raguna don Layya muna riƙe da 'yan awaki da kaji a tsakar gida. Sunan shagon kam ba zan faɗa ba, domin akwai abin yabo akwai na kushewa, kuma garin nan duk girmansa magana ba ta kwana a hanya.

Ɗaki biyu ne da rumfar kwano a gaba. Kwalabe na jere a kanta inda rana ba ta kai musu, buhunan dusa da ƙuli da dutsen lasa na gefe guda, sai firigo ɗaya mai aiki da hasken rana. Firigon nan ya fi komai daraja a wurin. Allurar riga-kafi in ta sha zafi ta mutu ko da kwalbar na nan da kyanta, kuma kowa ya san yadda Afrilu da Mayu suke a nan, zafi na wuce digiri 40. Lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki, a 2023 nasu bai tsaya ba. Mai wurin likitan dabbobi ne da takardarsa, yana da yaro a kanta da wata yarinya da ta yi horon kiwo. Ita ce ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga, kuma rabin bisashen Birni da Garin Malam ai a irin waɗannan gidajen suke ɗaure.

Gab da Layyar bara wani balami cikin ragunana ya kama tari da majina, ya rage cin harawa. Na riga na yi cinikinsa da wani alhaji, saura ya turo a ɗauka. Na je na ce a ba ni allurar nan mai kauri, oksitetirasikilin mai dogon aiki, wadda duk mai kiwo a ƙasar nan ya san ta ko da bai iya faɗin sunanta ba. Likitan ko kantar bai duba ba, ya ce, "Hajiya, yaushe za a yanka shi?" Na ce ranar Salla mana. Sai ya ɗauko kwalbar ya nuna mini wani layi mai ƙananan baƙaƙe a jikinta: in an yi wa dabba allurar, ba a cin namanta sai bayan kwana 28, ba a shan nononta sai bayan kwana 7. Ya ce in lissafa da kaina. Lissafin bai fita ba.

Da yamma ya zo gidan a kan moto. Ya auna zafin jikin ragon ya same shi kusa da digiri 39, wanda daidai ne ga tunkiya, ya saurari ƙirjinsa, sannan ya damƙi harawar da ke cikin kwami ya kaɗa, ƙura ta tashi. Ya ce babu zazzaɓi, huhun lafiya lau, ƙura ce ke shaƙe shi. A riƙa kaɗe harawa a waje, a jiƙa dusa kafin a ba shi, a matsar da turken daga inda ake shara. Kuɗin zuwansa kawai na biya, ko ƙwaya ɗaya bai sayar mini ba. Ragon ya warware.

Na tambaye shi, to da an samu zazzaɓin fa? Ya ce da ya yi allurar, amma da sharaɗin ragon ba zai shiga Layyar bana ba, ko kuma in gaya wa mai saye gaskiya. A nan ne maganar ke da nauyi, kuma ba zan yi kamar ba ni gane masu kauce mata ba. Ragon da aka yi wata biyar ana ɗura masa dusa da ƙowa, in ya wuce ranar Salla kuɗinsa ya karye, jarin mace guda ke nan ya tafi. Shi ya sa a makon ƙarshe ake ta caka wa raguna allura don su tsaya da kyau a kasuwa, babu mai tambaya. Amma ki tuna ina naman Layya yake zuwa. Ana raba wa maƙwabta da almajirai, a soya sauran a zuba a kwano a riƙa ba yara har watanni, kuma suya ba ta kawar da ragowar maganin duka.

Abin da ya fi ragowar da ke cikin nama muni, yadda likitan ya bayyana mini, shi ne sabon da ƙwayoyin cuta ke yi da magani. In aka ba dabba abin da bai kai ƙima ba, ko aka ba ta alhali ba ta buƙata, raunana cikin ƙwayoyin su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Waɗannan kuwa ba su zama cikin cikin rago. Suna fitowa a kashi, a tsakar gidan da jikokinmu ke rarrafe. Damina ta kwashe su zuwa tapki, mu kuma mu kwashe takin mu sayar wa masu garka, ya dawo mana a salati da kabeji. Ranar da yaro ya kama gudawa aka kai shi likita, dangin maganin nan dai za a ba shi, sai a ga ba ya ji. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cutar da ta daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne namu na Afirka ta Yamma, kusan mutum 27 cikin kowane 100,000. Ni dai tun daga nan ba ni iya ganin mace tana fasa kafso ja da ɗorawa a ruwan kajinta in yi shiru, har wasu sun fara kirana matar likita.

Ranar da likitan ya yarda ya yi allurar kuma, ba da ka yake yi ba. Ƙa'idarta mililita 1 ga kowane kilo 10, don haka sai ya zagaya igiyar awo a ƙirjin dabbar ya ƙiyasta nauyinta. Mai tabarma a kasuwa kuwa awon da zai ɗebo wa ɗan akuya shi zai ɗebo wa balami, daga kwalbar da ta yini a rana. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai maganar leda, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Ina da wata jar akuya irin ta Maraɗi da ta dinga ramewa, cikinta ƙato, gashi a tashe, tana ci amma ba ya kama ta. Duk wanda ya gan ta sai ya ce tsutsar ciki ce. Na aika a sayo mini ƙwayar albendazol, sai yarinyar shagon ta biyo ɗan aiken. Da farko ta tambayi ko akuyar na da ciki, don wannan ƙwaya ba a ba dabba ita a farkon ciki, tana iya nakasa ɗan. Sannan ta durƙusa ta danna kwiɓin hagu da dunƙulen hannu, ta kama hannuna ta ɗora a wurin ta ce, "Inna, taɓa ki ji." Wani abu ne mai tauri a dunƙule. Leda ce ta cika tumbi. Da bazara in ciyawa ta ƙare, akuya na bin bola, ledar da aka zuba ƙosai ko waina a ciki tana ƙamshin mai da gishiri, sai ta haɗiye. Tumbi ba ya narkar da ita, ba ta kuma wucewa, sai ta taru ta tare wurin abinci, dabba ta mutu da yunwa cikinta cike.

Babu maganin da ke narkar da ita, kuma sun faɗa mini hakan kai tsaye, alhali da sun so da sun sayar mini da ƙwaya da bitamin har akuyar ta mutu. Likitan na iya tsaga cikin ya fitar, amma kuɗin aikin da jinyar sun kusa kuɗin akuyar. Shawararsa ita ce in ba mahauci tun tana tsaye da ƙafarta, kada kuma a ba ta kowane magani kafin yanka. Mahaucin ya aiko mini da abin da ya ciro, leda baƙa da fara sun murɗe da igiyar buhu da guntun tsumma, sun cika tasa. Ya ce shi da wuya mako ya wuce bai ga irinsa ba.

Tun 2014 Nijar take da dokar da ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da irin wannan leda da ba ta ruɓewa. Wanda yake son ya ga inda dokar ta tsaya ya zagaya bayan Zango ko Sabon Gari ya dubi ƙayoyi da bakin tapkuna. Ledar da ta kashe mini akuya ita ce ke toshe lambatu, ruwa ya kwanta, sauro ya yi ta ƙyanƙyasa, watan Agusta da Satumba mu yi ta jigilar yara masu masassara. Wadda ba ta toshe ba mu tara mu banka mata wuta mu shaƙi hayaƙin. Kuma ga abin haushi: shagon nan da ya koya mini duk wannan, in kin sayi magani, a baƙar leda yaron zai ƙulla miki. Na yi musu magana, likitan ya yi dariya ya ce in kawo masa wanda zai ba shi takarda a kuɗin leda.

Wata rana akuyar maƙwabciyata ta yi ɓari. Yadda aka saba, a ɗauki ɗan da mabiyiyar da hannu a wurga a bola karnuka su ja. Yarinyar shagon ta zo da safar hannu, ta sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne, ta ce a ware akuyar, surukar gidan mai juna biyu kada ta kusanci wurin, nonon gidan kuma kada a sha sai an tafasa. Akwai cututtukan ɓari da ke tsallakowa ga mutum ta ruwan haihuwa da ɗanyen nono, su bar shi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta ba shi maganin masassarar sauro a banza. Ta tuna mana da zazzaɓin kwarin Rift da ya ɓarke a 2016 wajen Cintabaradan a jihar Tawa, inda bisashe suka yi ta ɓari, mutum fiye da 30 suka rasu, yawancinsu makiyaya. Sauro ke yaɗa shi tsakanin dabbobi bayan ruwa mai yawa, mutane kuma su ɗauka wajen yanka da taɓa abin da aka ɓarar. Safar hannun ma suna sayarwa, kuma tana cikin abu mafi araha a shagon.

Ba maganin mutane suke sayarwa ba, amma abin da na ga likitan ya yi wa wani yaro shi ya sa na daina ƙorafin tsadarsa a gaban mutane. Ina zaune a rumfa aka shigo da ɗan wajen shekara takwas, kare ya cije shi a sha-raɓa, ubansa na neman a sa masa shuɗin maganin nan da ake fesa wa dabba a miki. Likitan ya ce a'a. Ya zaunar da yaron a kan benci, ya sa aka ɗauko sabulu da bido na ruwa, ya dinga wanke ciwon yana duban agogo har minti 15 cif. Sannan ya tare kabu-kabu ya ce wa uban, "Malam, daga nan sai likitan mutane, yau ba gobe ba, ka ce cizon kare ne a yi masa allurar haukan kare." Ya ce karen kuma kada a kashe shi a jefar, a ɗaure shi a sa masa ido mako biyu.

Ciwon haukan kare na kashe wajen mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kusan duka daga cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamu suka bayyana sai dai a yi haƙuri, amma wankin nan da allura a kan lokaci suna tare shi. Ni abin da na tsaya a kai shi ne ruwan. Minti 15 ana kwarara ruwa a ƙafar yaro, a Damagaram, garin da ke zaune a kan dutse, wanda ruwansa sai an jawo shi daga Gogo-Macaya da Arungoza da Ganaram, inda da bazara unguwa ke yin kwanaki famfo bai ɗiga ba muna bin 'yan garuwa. Uwa da ta sayi bido ɗaya don girki da alwala, da wuya ta juye shi a kan ɗan miki da ko jini bai yi sosai ba, sai in wani ya gaya mata abin da ke ciki. Shagon na da allurar riga-kafin karnuka a firigo. Yaron kanta ya ce kusan babu mai tambayarta, don karnukan da ke cizon yaranmu yawanci na bola ne, ba su da mai su.

Yanzu ga inda suka gaza.

Tsada dai akwai ta. Abin da za ki saya a tabarma, a nan sai ki biya kusan ninki biyu, kuma bashi sai ga wanda suka sani sosai. Wannan na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne in likitan ba ya nan, shagon wani shago ne daban. Lokacin da gwamnati ta buɗe riga-kafin kyauta na shekara, na ciwon huhun shanu da annobar tumaki da awaki, yakan yi makonni a daji wajen Tanut da Gure. Aikin kirki ne, annobar awakin nan duniya ta sa 2030 a kawar da ita kamar yadda aka kawar da ciwon bushiya na shanu a 2011. To amma a makonnin nan yaron kanta duk abin da aka nuna da yatsa miƙawa yake, babu yaushe za a yanka, babu wa ke shan nonon. Na gani da idona ya sayar wa wani mutum ibamektin, maganin tsutsa da ƙwarin jikin dabba, don saniyar tatsa, alhali a jikin kwalbar an rubuta ba a yi wa dabbar da ake shan nononta. Rubutun ma da Faransanci ne da Turanci, mata nawa cikinmu za su karanta? Da za su sa alama da jan alƙalami a murfin, ko su rubuta ranar da za a iya yanka da ajami ko boko a 'yar takarda, da sun gama mana komai.

Ibamektin ɗin nan ma likitan da kansa yana ja da baya da shi, ya ce yana fita a kashin dabba da ƙarfinsa ya kashe buzuzu da sauran ƙwarin da ke binne kashi su mai da shi taki. Ni da nake sayar da takin turkena ga manoma, sai na ga ashe ni ma abin ya shafe ni.

Sannan maganin kaska da na feshi suna ajiye a ɗaki ɗaya da buhunan dusa, warin har ya kama abincin. Na taɓa karɓar buhun ƙuli da ya yi funfuna a gindi. Sun canza mini ba gardama, amma bai kamata ya kai ga kanta ba, tunda su suka gaya mini cewa gubar funfunar gyaɗa na bi ta cikin dabba ta fito a nono, kuma tana lalata hantar mutum. Bayan shagon kuwa, inda ake ɗaure dabbobi, kwalaben da suka ƙare da tsofaffin allurai suna zube a wani lungu. Yara na tsince kwalaben su sayar, kuma na san inda suke ƙarewa, wajen masu sayar da man gyaɗa da kananzir da turare. Likitan ya yi mini alkawarin tano mai murfi na zuba su. Zuwana na ƙarshe ban gan shi ba, kuma zan sake tambaya.

Wadda za ta je, kada ta je ranar Alhamis, makiyaya sun cika wurin tun hantsi. Ta je da safe a farkon mako, ta fara tambaya ko likitan na gari. In dabbar ba ta ɗaukuwa, a ɗauki hotonta mai motsi a salula, tana tsaye tana tafiya, da kashinta da abin da take ci, yana kallo ya ce ko sai ya zo. In an riga an ba ta wani magani a tafi da kwalbar ko kwalin, kada a ɓoye, faɗa kawai zai yi.

Masu kaji kuma, allurar annobar da ke share su da hunturu kwalbarta ta kaji 100 ce, in an buɗe a ranar ake ƙarar da ita, ba sa buɗewa don kaji shida. Mu a layinmu haɗuwa muke yi gida goma sha wani abu kafin sanyi ya shigo, kowa ta kama nata tun dare ta kife a kwando, yarinyar ta zo da sassafe da kwalbar cikin ƙanƙara ta bi gida-gida. Sharaɗinta ɗaya ne, in kaji sun riga sun fara mutuwa a gida ba ta shiga da allurar, sai dai a kira likitan, kuma kada a yanka masu layi a ci ko a kai kasuwa. Da ido ba a bambanta wannan annoba da murar tsuntsaye, wadda ita tana kama mutum, kuma duk wanda ya yi wayo a 2006 ya tuna cewa a Magarya, nan kudu da mu, aka fara tabbatar da ita a Nijar, aka kashe kaji da agwagi, kasuwar kaza ta mutu har cikin gari. Kuɗin allurar kowace kaza bai kai na ƙwai ɗaya ba, amma kuɗin moton yarinyar mu muke haɗa mata.